Gicciye a Lungun Su Sisiliya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, a shekarar nan da ake ta raɗe-raɗin cewa sojoji sun kusa miƙa mulki ga farar hula. Jikokina sun san labarin, tsofaffin abokan aikina sun san shi, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin suna ba da shi kamar a gabansu aka yi. To gara in faɗa da bakina.

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da uku, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a cikin Jos, ina kuma zaune a ɗakin haya a wata unguwa ta wajen Naraguta. Cocinmu na Katolika ƙarami ne, ginin jar ƙasa da rufin kwano. Fada, wato limamin cocin, yakan zo daga gari sau biyu a wata, sauran ranaku kuwa Baba Katikis, mai koyar da mu addini, shi ne yake riƙe da mu. A cocin nan an san ni da abu guda, wato saurin rosari, addu'ar da muke yi da carbi. Idan aka ba ni jagorancin addu'ar yamma, asirai biyar, wato sassan rosarin, da "A gaishe ki Maryamu" hamsin, nakan sauke su kafin ruwan shayi ya tafasa. (Yatsun da suka saba da tafireta ba sa ɓata lokaci a kan 'ya'yan carbi.) Samari suna sona saboda haka, musamman ranar da za a sa ƙwallo a rediyo. Ni kuma ina jin kaina, a ganina baiwa ce Allah ya yi mini.

Baba Katikis tsoho ne dogo siriri, ya yi aikin haƙar kuza shekaru da yawa kafin ya koma aikin coci. Ba ya ɗaga murya. Wata yamma bayan na gama tserena, ya tare ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ɗana, wa yake bin ka?"

Na waiwaya. "Ba kowa, Baba."

"To na ga kana gudu. Da kake cewa 'cike da alheri', me ka gani?"

Na ce, "Ai haka addu'ar take, Baba."

"Na san haka take. Idan ka je ƙauye gaida mamarka, haka kake yi? Ka jero mata gaisuwa hamsin ka juya, ba ka ko dubi fuskarta ba?"

Ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa ɗaukar kalma ɗaya ko biyu a rana, in sa a baki kamar alewa, kada in tauna, in bari ta narke da kanta.

Na ji haushi kwana biyu, daga baya na gwada. A bayan unguwarmu akwai wani tsohon tafki da masu haƙar kuza suka bari. Ruwansa kore ne, shiru, ko kifi ba ka jin motsinsa. Gefe guda tsibin jar ƙasa, gefe guda itatuwan turare dogaye, can nesa kuma duwatsun nan namu da suke zaune a kan juna kamar wani ne ya jera su ya manta. Idan na taso daga aiki sai in ɗauki carbina in tafi can in zauna a kan wani falalen dutse. Damina tana ƙarewa, ciyawa ta fara yin ruwan zinariya, sanyin yamma yana shiga ta wuyan riga. Shanun Fulani suna saukowa shan ruwa, balbelu suna bin su.

A nan ne kalmomin da na haddace tun ina ɗan aji biyu suka fara buɗewa. Na ɗauki "Ubanmu", kalmar farko ta addu'ar Ubangiji, na yi kwana uku a kanta. Ashe ba a ce Ubana ba. Wannan "mu" ɗin ta haɗa da ogana na ofis mai yi mini tsawa a kan waƙafi, ta haɗa da matar da take zubar da ruwan wanke-wanke a ƙofar ɗakina. Ban ji daɗin wannan ba, amma haka kalmar ta ce. Na zo kan "abincin yau", sai na ga mamata tana auna acca a ƙwarya da safe, na yau kaɗai, ba ta taɓa tambayar na gobe ba. Da na iso kan "A gaishe ki" kuwa, sai na lura ashe gaisuwa ce kawai, irin wadda baƙo yake yi a ƙofar gida. Na riƙa ganin wata yarinya a tsakar gida tana shara ko tankaɗe, haske ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama cikin ladabi, yana jira a amsa masa. Wata rana ina cikin wannan tunani sai na ji hawaye a kumatuna, ban san lokacin da suka zubo ba. Wannan kam gaskiya ne, ba na yi wa wannan ɓangaren dariya.

Abin dariyar shi ne ni kaina. Kafin wata guda, zakaran sauri ya koma zakaran jan rai. Rosarin da nake gamawa cikin minti goma ya koma awa ɗaya. Nakan tsaya a tsakiyar jimla in lumshe ido, jama'a suna durƙushe a kan siminti suna musanya gwiwa. Samari suka daina zuwa ranar da nake jagora. Na koyi tafiya a hankali da karkatar da kai gefe guda, kamar waliyyan da ke jikin kalandar coci. (A ofis ma na taɓa buga wata takarda zuwa ma'aikatar ayyuka, na rufe ta da "Amin". Oga ya kira ni ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.) A zuciyata na fara tunanin ko dai ni ma in tafi makarantar horar da fada.

Yanzu sai in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. Akwai miƙaƙƙiyar hanya daga ɗakina zuwa tafki, amma ba ita nake bi ba. Nakan zaga ta gindin wani babban mangwaro, in yi hagu, in shiga wani siririn lungu mai dangar ƙyarana dama da hagu. A ƙarshen lungun akwai gidan su Sisiliya, daga nan hanyar ta koma 'yar turba mai ɗaukar mutum ɗaya. Sisiliya 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce, baƙa, mai wushirya, ita take jinyar kakarta Ngo Vou, wadda ƙafafunta suka mutu damina biyu ke nan, ba ta fita ko tsakar gida. Ban taɓa ce wa Sisiliya komai ba in ban da "Sannu da aiki". Amma ina bi ta lungun da safe, ina bi in zan tafi tafki, ina bi in na dawo. In na zo daidai ƙofarsu sai ƙafata ta yi nauyi, maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi, in ɗan yi tari. Na gaya wa kaina cewa lungun ya fi shiru ne, ya fi dacewa da mai tunanin Allah. Kuma, Allah ya gafarta mini, yarinyar nan da nake gani tana tankaɗe a tsakar gida, wani lokaci idan ta ɗago kai sai in ga tana da wushirya.

Oktoba watan rosari ne a wurinmu, kuma a Lahadin ƙarshe akan yi zagayen unguwa da siffar Uwa Maryamu, wato mutum-mutuminta. Fada ya zo musamman. Bature ne tsoho mai jan hanci, ya daɗe a ƙasar nan, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai har ya koma ƙasarsu bai raba "ya" da "ta" ba. Baba Katikis, da yake ya ga na shiryu, ya ce ni zan riƙe babban gicciye a gaba. Aka sa mini farar riga har ƙasa. Ya maimaita mini hanya sau biyu: a bi titi, a gindin mangwaro a yi dama, a wuce makarantar firamare, a dawo coci. Na ce, "Baba, ai ko ido a rufe na san hanyar nan." Ina ma ban faɗi haka ba.

Muka tashi bayan la'asar. Ni ne a gaba, bayana matan zumuntar coci da tulunansu na kiɗa da anko iri ɗaya, sai maza huɗu ɗauke da siffar a kan katako an kewaye ta da furanni, sai sauran jama'a. Baba Katikis yana tsakiya da lasifika mai batir yana jan addu'a, Fada yana can ƙarshe. Na duba cikin mawaƙa ban ga Sisiliya ba, aka ce jikin kakarta ya tashi a makon nan.

Yammacin nan yana da wani irin kyau da har yau ban sake ganin kamarsa ba. An yi yayyafi da rana, ƙasa tana ƙamshi. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan duwatsu, hayaƙin turaren wuta yana biyo iska yana wuce ni. Baba ya ja rabin addu'a ta lasifika, jama'a su amsa da murya ɗaya, ya ja, su amsa, kamar numfashi. Na ɗaga ido ina kallon kan gicciye yana yawo a cikin gajimare. Sai kunnena ya maƙale a kan kalmomin ƙarshe: "yanzu da lokacin mutuwarmu."

Na ce a raina, ikon Allah, lokaci biyu kaɗai muke roƙo a kansu. Ba a ce jiya ba, ba a ce baɗi ba. Yanzu, da wancan lokacin. Kuma kowace rana biyun nan suna matsowa kusa da juna, har ranar da za su haɗu su zama ɗaya. Na tuna babana a kan gadonsa na ƙarshe, mamata tana riƙe da hannunsa tana raɗa masa kalmomin nan a kunne. Daga nan na ga kaina na tsufa, ina kwance a wani ɗaki mai farin zanen gado, taga a buɗe, ana hango tafki da balbelu. Ba na jin tsoro ko kaɗan. Wani hannu mai sanyi yana shafa mini goshi. Na bi hannun da kallo a hankali, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, zuwa kafaɗa, ina so in ga fuskar mai shi.

A daidai nan ne muka iso gindin mangwaro. Kaina yana can ɗakin farin zanen gado, ƙafafuna kuwa suka yi abin da suka saba yi sau uku a rana. Suka yi hagu.

A bakin lungun akwai shagon Malam Sani tela, mutumin unguwar Gangare ta cikin Jos da ya yi shekaru a unguwarmu. Na ji muryarsa kamar daga ƙarƙashin ruwa yana cewa, "A'a, bana ta nan kuka biyo? To sannunku, Allah ya karɓa!" Ban farka ba. Matan zumunta suka ɗauka Fada ne ya sauya hanya ya gaya mini. Masu ɗauke da siffa suka bi matan zumunta. Baba Katikis idonsa yana kan carbi. Haka ikilisiya guda ta tura kai cikin lungun da ko jaki da kaya sai ya yi dabara.

Da na zo inda ƙafata take yin nauyi, sai ta yi nauyi. Na tsaya cak. (An ce har tarin ma na yi. Wannan ban yarda ba, amma shaidu sun yi yawa.) Jama'a suka taru a bayana suna cin karo da juna, bakinsu bai daina ba, suka sauke amsa da ƙarfi daidai tagar gidan: "Yanzu da lokacin mutuwarmu. Amin!"

Sai wata ƙara ta fito daga cikin ɗaki.

"Wayyo! Sisiliya! Wa ya mutu? Ni ne? Ki gaya musu ban mutu ba! Yanzu-yanzu na sha kunu!"

Na buɗe ido. Babu farin zanen gado, babu balbelu. Ga ni a ƙofar gidan su Sisiliya, riƙe da gicciye mai tsawon mutum biyu. Ga Sisiliya a tsaye, zani ɗaure a ƙirji, rabin kanta a tsefe, ludayi a hannu. Ta dubi gicciye, ta dube ni, ta leƙa bayana ta ga lungu cike da mutane har titi. Ludayin ya faɗi.

Baba Katikis, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya manta lasifika tana bakinsa. Unguwa duka ta ji shi: "Kai! Ina ka kawo mu?"

Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Baba, kalmomin nake tunani."

Fada ya kutso ta cikin jama'a, farin ruwan ƙyarana ya ɓata masa hannun riga. Ya tambayi Sisiliya wa ke ihu a ciki, ta gaya masa. Sai ya ce, "To, tun da tsohuwa bai iya zuwa wurin Uwa ba, Uwa ya zo wurinsa. A fito da shi."

Aka ɗauko Ngo Vou a kan kujerar katako, an lulluɓe ta da bargo, 'yar ƙarama kamar yarinya, tana ta faɗa tana cewa kada wanda ya kuskura ya auna ta don akwatin gawa. Aka ajiye ta a bakin ƙofa. Masu ɗauke da siffa suka matso da ƙyar suka sauke ta a gabanta. Sai faɗan ya tsaya. Ashe kafin ƙafafunta su mutu, ita ce take goge siffar nan duk Asabar, shekara da shekaru. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen mayafin, ta ce, "Mama, ke da kanki?" Hawaye suka bi ramukan fuskarta.

Fada ya ce a yi asiri na ƙarshe a nan, kuma Ngo ce za ta ja. Baba ya riƙe mata lasifika a baki. Hausarta a karye take, tana haɗawa da yarenmu, tana tsayawa ta huta a tsakiyar jimla. Amma ban taɓa jin an yi gaisuwar nan kamar yadda ta yi ta ba, kai ka ce da maƙwabciyarta take magana ta kan danga. Lungu ya yi tsit in ban da amsawar jama'a. Rana ta yi ja a kan rufin kwano. Malam Sani ma ya tsayar da kekensa har aka gama.

Da a nan labarin ya ƙare, da na fita da mutuncina. Na ji wata daga cikin matan zumunta tana raɗa wa ta kusa da ita, "Yaron nan Ruhu ne ya bi da shi." Maganar ta shige ni kamar zuma. Na fara tunanin ai kuwa da alama haka ne. Na gyara riƙon gicciye, na karkatar da kaina gefe guda, na runtse ido kaɗan yadda kowa zai gani.

Ngo Vou ta share hawaye da bakin bargo, ta ce, "Wa ya kawo ku nan?" Baba ya nuna ni da haɓa. Lasifikar tana nan a bakinta, ba wanda ya tuna ya kashe. Ta ƙanƙance ido ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan? Ai na san shi. Shi ne mai tari. Kullum sau uku ina ganinsa ta taga, carbi a hannu, ido a kan jikata." Ta numfasa. "Yaro, in Sisiliya kake so, ka turo manyanka kamar kowa. Ba sai ka kwaso coci gaba ɗaya ba."

Na ji dariyar ta tashi daga bakin ƙofa, ta bi lungu, ta fita titi, ta dawo. Matan zumunta suka buga tulu, wata ta rangaɗa guɗa. Sisiliya ta ruga ciki ta turo ƙofa. Fada ya juya baya yana kallon danga, kafaɗunsa suna rawa, jan hancinsa ya kai har kunne.

Kuma ba a nan azabar ta tsaya ba. Lungun ba shi da mafita ga taro, dole a juya. Gicciye kuwa dole shi ne a gaba. Wato sai da na ratsa ikilisiya duka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, fuska da fuska, mutum ɗaya bayan ɗaya, ina cewa "gafara, gafara". Kowane tsoho da na wuce sai ya ɗan yi mini tari.

Mako biyu ban taka coci ba, tafki ma ta miƙaƙƙiyar hanya nake zuwa. A can Baba Katikis ya same ni wata yamma. Ya zauna a gefen dutsen, muna kallon ruwa. Can ya ce, "Addu'arka ta gyaru, ɗana. Zuciyarka ma ba ta yi ƙarya ba. Kai ne dai ka ƙi tambayarta me ke ciki." Ya tashi ya kaɗe rigarsa. "Maganar makarantar fada kuwa, a bar ta."

Bayan Kirsimeti na tura kawuna. Sisiliya ta ja mini rai wata takwas, ta ce sai an daina nuna ta a kasuwa. Ngo Vou ba ta ga bikin ba, ta rasu cikin azumin Ista, kuma an ce har ranar ƙarshe duk wanda ya zo duba ta sai ta ba shi labarin yammacin da Uwa Maryamu ta zo ƙofarta. Ni kuwa a labarin nata ban wuce "mai tari" ba.

Har yau a hankali nake yin rosari, kuma har yau kalmomin ba su gama buɗewa ba. Abin da na ƙaru da shi dai shi ne, mutum yana iya yin nisa cikin addu'a da gaske, kansa yana sama, alhali ƙafarsa tana can tana bin abin da ya ɓoye wa kansa. Saboda haka in za ka lumshe ido ka yi zurfin tunani, ka nemi wuri ka zauna tukuna. In kuwa dole a tafe za a yi, to ka tabbata ba kai ne a gaba ba.